Shawarar da Ba a Saurara Ba

Na daɗe ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Tambuwal, kuma duk shekara idan muka zo darasin magana mai harshen damo, wato mai ma'ana biyu, misalina na farko ɗaya ne. Sai in rubuta a allo: Malam yana da shawara. In juyo in ce da su, to, malamin nan tabarma za mu shimfiɗa masa ya yi mana magana, ko asibiti za mu kai shi? Ajin ya kwashe da dariya, domin ko yarinyar goye ta san shawara biyu ce a Hausa. Akwai wadda ake ba mutum da baki, akwai kuma ciwon nan da ke mayar da ido ruwan ɗorawa. Shekara biyu ke nan rabona da wannan misali. Yanzu da “gari” nake yi, na tuwo da na zama, ko da yake ba ya ba su dariya.

Likitan da zan ba da labarinsa ban taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba. A waya na san shi, kamar yadda rabin malaman makarantarmu suka san shi. Yakan fito a gajerun bidiyo sanye da farar rigar aiki, abin awon ƙirji rataye a wuya, Hausarsa tas kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Ga fara'a, ga addu'a a farko da ƙarshe. A ƙasan kowane bidiyo akwai lambar da za ka tura masa damuwarka, ka biya kuɗin ganin likita ta waya, ya turo maka sunayen magunguna ka je kemis ka saya. Ba layi, ba karɓar kati, ba tsawar ma'aikatan jinya. Ni kuwa na zama 'yar kanzaginsa ba tare da ya san da zamana a duniya ba. Duk wadda ta yi tari a ofishin malamai sai in ce mata, me kike jira, ga likita a tafin hannunki. Sau biyu na tura masa nawa, mura da ciwon kai, na sha abin da ya rubuta na warke. Yau na san ko ruwan randa na sha da na warke, amma a lokacin ba mai gaya mini.

Yayana manomi ne a Fakku, can cikin ƙasar Kebbe, inda aka haife mu. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, “wancan” take cewa, ko “mai gidan ga” bayan da babanmu ya rasu ya riƙe gidan. Shi ya tsaya kai da fata aka bar ni na yi karatu, sannan ya shafe sauran rayuwarsa yana tsokanata da shi. Malama yake kirana tun kafin in zama malamar. Idan na faɗi abin da bai gamsu da shi ba sai ya ce boko ya cinye mini rabin hankali ya bar mini rabin da ke gardama.

Wata ranar kasuwar Tambuwal, cikin kaka, an gama yankan gero ana shirin dawa, ya shigo gidana da hantsi ya jingine mashin ɗinsa a zaure. Tun daga sallamarsa na ji muryar ba tasa ba ce. Da ya zauna ya cire rawanin da ya rufe fuska saboda hanya, sai na ga abin da ya kawo shi. Farin idonsa ya koma ɗorawa shar.

“Yaya, mi as same ka haka?”

“Shawara ta, Malama, na san ta,” ya ce. “Kwana fuɗu ke nan jikina ka ciwo, ga zazzaɓi, abinci ko ƙamshinai ban so. Asibiti nika son zuwa su duba ni, in dai ba su tsai da ni ba. Dawa na can tsaye, tsuntsaye sun fi ni sanin hanyar gonar.”

A lura, asibiti ya ce. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba ya hau mashin ya taho tun daga Fakku da niyyar likita ya dube shi. Asibitin kuwa daga ƙofar gidana ko kabu-kabu ba ka bukata. Ni mai ilimi ce na ce masa, “Yaya, yau kasuwa, layin ga ba ya ƙarewa sai la'asar. Zamna ka sha kunu. Likita na nan cikin wayag ga, ya fi su duka.”

Ya dubi wayar, ya dube ni, ya yi 'yar dariya. “To ƙaƙa za ya ganin idona ta nan?”

Na ce ya yi bayani kawai, likitan ƙwararre ne. Na danna masa wurin ɗaukar murya na miƙa masa. Ya gyara zama, ya riƙe wayar da hannu biyu kamar mai karɓar allo a hannun malami, ya yi sallama, ya yi bayani dalla-dalla na kusan minti biyu. Ni kuma na rubuta 'yar gabatarwa a sama: “Yayana ne yake da shawara. Ga bayaninsa da bakinsa.” Ni da nake koyar da harshen damo, ni na rubuta wannan da yatsana. Ban ga komai a ciki ba, domin wa zai tura wa likita saƙo ya ce yana da shawara, likitan ya zaci nasiha aka zo yi masa?

Bai kai cokali uku na kunun ba amsa ta shigo. Magunguna huɗu, kowanne da yadda za a sha, sai “Allah ya ƙara sauƙi” a ƙasa. Ba tambaya ko ɗaya. Bai tambayi shekarunsa ba, bai tambayi ko yana shan wani abu ba, bai ce a turo hoton idon ba. Maimakon in yi lissafin cewa maganar minti biyu ba ta sauraruwa a cikin ƙasa da minti ɗaya, sai na ɗaga wayar ina yi wa yayana burga: ka gani ko, kafin ka kai ƙofar asibiti an gama.

Mai kemis ɗin bakin kasuwa dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Ya karanta abin da ke wayar, ya ɗaga kai ya dubi yayana, ya sake duban wayar.

“Malama, likitan ga ya gan shi da idonai kuwa?”

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi sayarwa aka ce ya yi ko bincike? In yana da ilimin da ya fi na likita ya rufe shago ya buɗe asibiti mana. Dattijon ya ƙulla magungunan a leda ya miƙo. Har yau ba na bin layin shagonsa, sai in zagaya ta wajen masu tumatir ko da rana na dukana.

Yayana ya koma Fakku da yammacin ranar. Mutum ne mai cika umarni, abin da aka rubuta shi ya bi, bai tsallake ko sau ɗaya ba. Da ciwon jikin ya lafa masa sai ya shiga gona. A rana ta uku matarsa ta kira ni ta wayar maƙwabta ta ce idon ya ƙara rinewa, yana amai. Na rubuta wa likitan. Amsa ta zo nan take: “A ci gaba da shan magani, a yawaita shan ruwa. Allah ya ƙara sauƙi.” Na kira ta na karanta mata, har da ƙarin nawa, cewa haka magani yake, sai ya tayar da ciwo kafin ya kashe shi. Ban san inda na samo wannan ƙaryar ba.

A rana ta shida ya fara magana ba kan gado, yana kiran babanmu ya zo a ɗaure dami. Aka ɗora shi a mashin tsakanin mutum biyu zuwa Kebbe, daga can aka sa shi a mota zuwa Tambuwal, asibitin da na hana shi shiga. Suka duba shi suka ce Sakkwato, yanzu-yanzu. A hanya kansa na bisa cinyata, bai san ni ba.

A Sakkwato wata likita ce ta karɓe shi, matashiya mai ƙarancin magana. Ta tambayi abin da ya sha, na miƙa mata ledar da wayar. Ta jera kwalayen a kan tebur ta ware biyu gefe. Ta ce waɗannan biyun sunansu ne ya bambanta, amma maganin kashe ciwo iri ɗaya ne a cikinsu, wato kullum ninki biyu yake sha, alhali mai ciwon hanta ko ɗaya ma sai an auna masa. Ta ce shawara ba ciwo ba ce ita kaɗai, hanta ce take kuka ta ido. Na tambaye ta, da an kawo shi ranar farko zai tashi? Ta ce ba za ta rantse ba, hantar ta riga ta taɓu. Amma bangon da ya tsage tokara ake yi masa, ba a jingina masa buhu.

Sai ta nuna mini abin da na yi kwana shida ina kallo ban gani ba. A manhajar da muke tura saƙo, idan wanda ka tura wa murya ya kunna ta ya ji, wata 'yar alama a gefen saƙon takan koma shuɗiya. Ta saƙon yayana tana nan toka-toka. Ba a taɓa kunna shi ba. Ta ce in ɗauki hoton fuskar wayar yadda take, in ajiye. Na ɗauka, na fita bayan ɗakin na yi amai a cikin kwata.

Kwana huɗu ya yi a can. Ya rasu da safiyar na biyar, ana cikin sharar ɗakin marasa lafiya.

Bayan an yi addu'ar arba'in na ce zan kai ƙara hukumar da ke kula da aikin likitoci, likitar Sakkwato ta riga ta gaya mini yadda ake rubutawa. Gida ya rabu. Wasu suka ce kwana ne ya ƙare, ƙara ba ta tayar da matacce, kada in maida rasuwa abin talla. Inna ba ta ce komai ba, ɗan fari ne, ko kukansa a ɓoye ta yi. Kawunmu, wanda ke karantar da manya a zaurensa, shi ya raba gardamar. Ya ce, “Ajali gaskiya na, ba mai ja. Amma wanda anka ba amana yas sake ta, ajali bai wanke mai hannu. Rubuta, ɗiyata. Ki rubuta har da naki.” Na rubuta har da nawa laifin. Shi ne sakin layin da ya fi ba ni wuya.

Wata biyar da rasuwar, ina zaune a ofishin malamai lokacin hutun tara, na buɗe saƙon kamar yadda na saba buɗewa ba dalili. Alamar ta koma shuɗiya. Na daɗe ina kallonta. Daga baya na fahimci a makon ne takardar hukumar ta isa hannunsa. Wato sai da aka taɓa tuwonsa ya sami minti biyun da zai saurari yayana. Na sha jin haushi a rayuwata, ni mai saurin fushi ce, kowa ya shaida. Amma wannan ba fushi ba ne, ƙyama ce, irin wadda ke sa ka ji kana son wanke hannu bayan ka taɓa wayarka.

Zaman kwamitin ladabtarwa a wani birni mai nisa aka yi, aka ba ni damar ba da shaida ta bidiyo. Shugabar makarantarmu ta ba ni ofishinta ta rufe mini ƙofa. A nan na fara ganinsa ba farar riga. Kwat ya sa, ga lauya a gefensa, fuskar nan mai fara'a ta koma ta maraya. Ashe ba ni kaɗai ba ce, akwai wasu da suka kai kukansu, kuma amsoshin da yake tura wa mutane a shirye suke, zazzaɓi da ciwon jiki na da jerinsu, ciwon ciki na da nasa, dannawa kawai ake yi.

Da aka zo kan namu, aka karanta abin da na rubuta, aka tambaye shi me ya sa ya ba mai shawara waɗannan magunguna. Ya gyara murya ya ce shi ya ɗauka shawara ake nema, wato ana son jin ra'ayin likita, ai kowa da haka yake fara saƙonsa. Ya ce kalmar tana da ma'ana biyu, kuma da mai rubutun ta fayyace, da ba a kai ga haka ba. Darasina ya karanto mini. Misalin da nake ba yara 'yan shekara goma sha uku su yi dariya, shi wani ƙato mai digiri ya ɗauko ya fake a bayansa, ya kuma juyo da laifin kaina. Ban jira an ba ni izini ba.

“Likita, ka ji tsoron Allah! Cewa niy yi yake da shawara, ban ce yake neman shawara ba. In ma ka ruɗe, muryatai na nan ƙasa, mi ah hana ka kunnawa? Kuma in shawara kaɗai anka nema, wa yag gaya maka zazzaɓi shika yi da har kar rubuta magani fuɗu?”

Shugaban zaman ya ce in yi haƙuri in jira lokacina. Na haƙura, amma na riga na faɗa. A cikin kwamitin akwai wata dattijuwar likita mai tabarau. Ta sa aka kunna wani bidiyo da na haɗa da takardar ƙarata. Nasa ne, ni da kaina na taɓa rarraba shi ga malamai. Ga shi nan cikin farar riga yana murmushi, yana bayani a kan “ciwon shawara”, yana gargaɗin jama'a kada mai shawara ya kuskura ya sha maganin kashe ciwo barkatai, ya garzaya asibiti a auna jininsa. Da bidiyon ya ƙare ta cire tabarau ta tambaye shi da Hausa, a hankali, ko ranar da ya yi wannan ya san ma'anar kalmar, daga baya ne ta ɓace masa? Ya dubi lauyansa. Lauyan yana duban takarda.

Hukuncin ya zo mini a rubuce bayan wasu makonni. An same shi da laifin saɓa ƙa'idar aiki, ya rubuta magani ba tare da ya binciki mara lafiya ba. An dakatar da lasisinsa na wani lokaci, kuma ba zai koma aiki ba sai ya sake samun horo. Abokan aikina suka yi ta yi mini barka kamar na haihu. Su ɗin dai, ban ƙirga uku ba a cikinsu da suka goge irin waɗannan lambobi daga wayoyinsu. Wasu fararen rigunan sun cike gurbinsa tun kafin tawadar takardar ta bushe, da murmushi iri ɗaya da addu'a iri ɗaya. Ran nan na ji wata malama tana ce wa wata, me kike jira, ga likita a tafin hannunki. Kalmomina ne, ko wasali ba ta canza ba. Na tashi na bar musu ofishin.

Har yau bai kira ni ba, bai turo ko “Allah ya ji ƙansa” ba, shi da addu'a ba ta yi masa wuya.

Na kai wa Inna takardar a Fakku ranar wata Juma'a. Dawar da yayana ya damu da ita 'yan uwa sun girbe ta tun bara, har an kusa cinye ta. Na same ta a inuwar rumbu tana tsince wake. Na fassara mata hukuncin layi-layi, tana ji ba ta ɗaga kai ba. Dakatarwa da lasisi ba su dame ta ba. Da na gama ta ce, “Shi likitan, ya dai ji shi daga baya?”

Na ce ya ji.

“To mi yac ce?”

Na ce bai ce komai ba.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kunna muna abin ga naki. Wanda wancan yay yi magana.”

Ban taɓa kunna mata ba, ban zaci za ta nema ba, matar da ko gaisuwarsa a kaikaice take amsawa. Na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu. Muryarsa ta fito, a gajiye amma a natse. Ya yi sallama, ya ce shi manomi ne daga Fakku. Ya ce idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba madara, gefen cikinsa na dama yana masa nauyi. Ya ce shawara ce, ya san ta, kuma ya ji ana cewa akwai magungunan da mai ita ba ya sha, don Allah likita ya duba masa da kyau. Duk abin da likitar Sakkwato ta gaya mini, ya riga ya faɗa da bakinsa. Hannun Inna ya tsaya a cikin faifan. Daga nan aka ji ni a bayansa ina cewa ya isa haka, Yaya, kada ka cika shi da surutu. Ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya matso da bakinsa kusa da wayar.

“To likita, Malama ta ce in bari. Allah shi saka ma da alheri, da kat tsaya kas saurare ni.”